Ƙanena, kada ka shigo Ingila da niyyar canza jami'a

Assalamu alaikum, ƙanena. Na saurari saƙon muryarka sau biyu. Ka ce wani ejan a Agege ya ba ka shawara ka karɓi gurbi a kowace jami'a mai araha, in ka sauka Ingila sai ka koma wadda ranka yake so. Wallahi da ina kusa da na hana ka ba shi ko sisi.

Bizar ɗalibi a nan ɗaure take da makarantar da ta ɗauki nauyinka. Ita ce ta ba ka lambar CAS, wato shaidar cewa ta ba ka gurbin karatu, da wannan lambar aka buga maka biza. Ranar da ka ce ka bar ta, dole ta sanar da ma'aikatar cikin gida, su kuma su datse bizar, yawanci zuwa kwana 60. Sabuwar jami'a kuwa sabuwar CAS take nufi, da sabuwar biza. Ga inda gizo ke saƙar: wanda bai kammala karatun da ya kawo shi ba, galibi ba a barinsa ya nemi bizar daga cikin Ingila. Sai ya tattara ya dawo Legas, ya sake bin layi a ofishin biza na Ikeja, ya sake nuna kuɗin makaranta da na zaman wata 9 sun kwana 28 a jere cikin asusu, ya sake biyan kuɗin lafiya. A 2024 aka mayar da shi fam 776 a shekara. Lissafa da naira ka gani.

Akwai wani yaro ɗan Idi-Araba da ya yi sati uku yana kwana a falona. Irin wannan shawarar ya bi. Ina tuna shi zaune a kan darduma bayan asuba, wayarsa a hannu, yana ta maimaita wasiƙar datse bizar kamar rubutun zai canza. Kuɗin ajiyar da babansa ya sayar da tirelar shanu ya biya, bai dawo ba. Bargon da ya saya ma nan ya bar min.

Ko da an karɓe ka a sabuwar jami'a, ba duk abin da ka karanta za a lissafa maka ba. Shekara guda kiredit 120 ce, wato ma'aunin yawan karatun da ka yi, amma sai sun ɗora darussanka a kan nasu sun ga sun dace. In ka yi sa'a su sa ka aji biyu, in ba haka ba ka koma aji ɗaya. Ga shi karatun digiri a kan bizar ɗalibi iyakarsa shekara 5 ne, in ka cire irin su likitanci.

Kanada ma, da kake ambata, tun Nuwamban 2024 sai da sabon izinin karatu ake canza makaranta.

Canza kwas a cikin jami'a ɗaya ya fi sauƙi, haka nan gama digiri a wuri ɗaya ka tafi wani wurin yin mastas. Amma ni dai shawarata, ka zaɓa tun kana Legas, ko da zai ci maka shekara guda kana taya Alhaji zama a shago. Ka turo min sunayen jami'o'i ukun nan da sakamakonka na WAEC mu duba tare ranar Lahadi. A gaida Hajiya, a ce mata kilishin ya iso.