Yadda ake auna bayanin kayan aikin rumbun bayanai

Malam, ka tambayi yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin rumbun bayanai zai wadatar da wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke zaɓar kayan aiki da kanta don cika umarnin da aka ba ta. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar kayan aikin, domin sunansu da bayaninsu da tsarin shigar musu da bayanai kaɗai yake karantawa, kamar yadda ƙa'idar MCP ta 2024 (Model Context Protocol, ƙa'idar haɗa irin waɗannan wakilai da kayan aiki) ta tanada. Saboda haka rubuta "yana neman bayanai" bai isa ba, sai an fayyace ko SELECT (umarnin karanto bayanai) kaɗai aka yarda da shi ko har da DELETE (umarnin goge bayanai), da iyakar layukan da za su dawo. A ganina, gwaji mafi inganci shi ne ka ba wakilin tambayoyi ashirin, ka ƙirga sau nawa ya rikita kayan aiki biyu masu kama da juna.