Tambaya da Amsa: Zaɓen yanki ba da yardar tarayya ba, ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karanta kimiyyar siyasa. Gardama ta kaure tsakanina da 'yan ajinmu kan zaɓen da yankin Tigray na Habasha ya yi a 2020 ba da amincewar gwamnatin tarayya ba. Na ce tunda jama'a sun fito da yawa sun jefa ƙuri'a da son ransu, zaɓen ya halatta. Su kuma suka ce tawaye ne zalla. Wa ke da gaskiya? Kuma irin wannan zaɓe yana haɗa kan ƙasa ne ko raba ta yake yi? Ɗalibarka.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira. Hujjarki tana da ƙarfi, amma ba ta kai ki inda kike so ba. Yawan ƙuri'a yana nuna abin da mutane ke so. Halaccin zaɓe kuwa yana buƙatar ƙarin abu guda: waɗanda sakamakon zai shafa su yarda tun farko da dokar da aka yi shi a kanta, da kuma wanda zai raba gardama idan ta taso. A Habasha wannan yardar ce ta ɓace.

Ga yadda abin ya faro. An sa ranar 29 ga Agusta 2020 don babban zaɓen ƙasa, sai hukumar zaɓe ta ɗage shi saboda cutar korona. Wa'adin majalisa kuwa zai ƙare a farkon Oktoba, kuma kundin tsarin mulkin 1995 bai fayyace abin yi a irin wannan hali ba. Aka kai maganar Majalisar Tarayya, wato majalisa ta biyu mai wakiltar ƙabilun ƙasar, wadda ita ce kundin ya ba ikon fassara shi maimakon kotu. A watan Yuni ta tsawaita wa'adin gwamnatin tarayya da na yankuna. Ki lura da wannan sosai: jam'iyyar Firaminista Abiy Ahmed ce ke da rinjaye a majalisar. Wato masu mulki ne suka yanke hukuncin ƙara wa kansu wa'adi. Shugabar majalisar, Keria Ibrahim, 'yar jam'iyyar TPLF mai mulkin Tigray, ajiye muƙaminta ta yi a cikin watan nan.

Ita TPLF, wadda ta juya akalar Habasha daga 1991 zuwa 2018, ta riga ta ƙi shiga sabuwar jam'iyyar da Abiy ya kafa a ƙarshen 2019. Sai ta kafa hukumar zaɓe ta yankinta, ta yi zaɓe ranar 9 ga Satumba, ta samu kusan kashi 98 cikin ɗari. Jama'a sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, ban musa ba. Amma jam'iyyar da ke mulkin yankin ita ta kafa hukumar, ita ta tsaya takara, ita ta lashe. Laifin da take zargin Addis Ababa da shi, shi ta aikata a Mekele, babban birnin Tigray. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daga nan kowa ya daina kallon ɗan'uwansa a matsayin hukuma. Majalisar Tarayya ta ce zaɓen ba shi da tushe a doka. Tigray ta ce daga Oktoba Abiy ba shi da hurumin mulki. Tarayya ta yanke hulɗa da shugabannin yankin, ta ce ba za ta ƙara tura kuɗin kasafi ta hannunsu ba. Ranar 4 ga Nuwamba, bayan harin da dakarun Tigray suka kai wa rundunar sojan tarayya ta arewa, yaƙi ya ɓarke. Tsakanin ƙuri'a da harsashi ko wata biyu ba a cika ba.

Ba a Habasha kaɗai aka ga haka ba. A gabashin Yukren, yarjejeniyar tsagaita wuta ta Minsk, ta 5 ga Satumba 2014, ta ce a yi zaɓen ƙananan hukumomi a yankunan 'yan aware bisa dokar Yukren, gwamnatin Yukren da ke Kiyef kuma ta sa ranar 7 ga Disamba. 'Yan awaren Donetsk da Luhansk suka yi gaban kansu, suka zaɓi shugabanni da majalisu ranar 2 ga Nuwamba. Dubban ɗaruruwan mazauna yankin sun riga sun tsere wa yaƙi, 'yan bindiga ke riƙe da garuruwan, jam'iyyun da ke son zama cikin Yukren ba sa cikin takara. Yukren da Tarayyar Turai da Amurka suka yi watsi da zaɓen, Rasha ta ce tana mutunta shi. A watan nan Kiyef ta dakatar da biyan albashi da fansho a yankunan. Wannan matakin ne ya fi ci mini rai, domin tsohuwar da ke jiran fanshonta ba ita ta kira zaɓen ba, kuma ranar da aka yanke mata kuɗin an koya mata cewa ƙasar ba tata ba ce.

Ban daidaita zaɓukan biyu ba. Na Tigray an yi shi kafin a fara harbi, a ƙarƙashin gwamnatin yanki da kundi ya san da ita, kuma 'yan adawa sun shiga. Na Donetsk an yi shi a bakin bindiga, da hannun wata ƙasa a ciki. Don haka 'yan ajinki da suka ce tawaye ne zalla sun yi gaggawa.

Kan tambayarki ta biyu, a ganina zaɓen da ɓangare ɗaya ya shirya shi kaɗai raba ƙasa yake yi, domin yana ba kowane ɓangare takardar shaidar cewa shi ne halattacce, wanda kuma ya riƙe irin wannan takarda wuya yake ya sassauta a teburin sulhu. Amma na fi ɗora nauyin a kan tarayya. Mai riƙe da soja da baitulmali shi ya kamata ya tara 'yan adawa da shugabannin yankuna a watan Yunin 2020, a tsayar da sabuwar rana tare, kowa ya sa hannu. An zaɓi hanyar fassarar kundi saboda ta fi sauƙi ga masu mulki.

Zaman da aka ƙi yi a lokacin shi aka yi a Pretoria ta Afirka ta Kudu ranar 2 ga Nuwamba 2022, a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, da Olusegun Obasanjo da Uhuru Kenyatta cikin masu shiga tsakani. An amince a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya a Tigray, wanda ke nufin an jingine sakamakon 2020. A Maris 2023 Abiy ya naɗa Getachew Reda, jigo a TPLF, ya shugabance ta. Obasanjo ya ƙiyasta cewa waɗanda yaƙin ya ci za su iya kai 600,000.