Tambaya da Amsa: Zagayen Dajin Yankari a Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai iyali Yankari a hutun ƙarshen shekara, amma motata ƙarama ce, Corolla. Za ta iya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta kai ku masauki, amma kada ka sa ta cikin daji. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, in ka zo Dindima ka yi dama. Kimanin kilomita 29 za ka isa babbar ƙofa a Mainamaji, daga nan kuma wajen kilomita 42 zuwa sansanin Wikki. Wannan duk ƙaramar mota tana yi. Ka dai cika tanki tun a Bauchi, kuma ka tashi da wuri, kada dare ya same ka tsakanin ƙofa da sansani.

Hanyoyin kallon namun daji kuwa wani abu ne daban: yashi, kwazazzabai, da tudun ciyawa a tsakiyar hanya wanda zai riƙa goge cikin motar. Ko ka shiga motar gandun, ko ka zo da mai tudu irin Hilux mai fowil, kuma ko ta wane hali ba a shiga sai da jagora daga ma'aikatan wurin. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, wanda bai san shi ba ɓata zai yi.

Ga mai zuwa da tasa motar, abu uku ke yawan kawo cikas. Na farko yashi. Direba ya ji mota ta fara nutsewa sai ya taka totur, taya ta yi ta haƙa wa kanta rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Da zarar ka ji haka, ɗaga ƙafa, yi ribas a hankali a kan sawunka, rage iskar taya daga 32 zuwa wajen 22, sannan ka wuce a giya ta biyu ba tsayawa. Sai dai ka riƙe famfo, domin hawa kwalta da taya mai ƙarancin iska yana zafafa ta har ta fashe. Na biyu, 'ya'yan ciyawa suna toshe lagireto, mota ta yi zafi alhali ruwa na ciki. Na uku ya fi haɗari: busasshiyar ciyawa tana maƙalewa a jikin salansa, tana iya kamawa da wuta. Duk tsayawar da jagora ya yarda a sauka, leƙa ƙarƙashin motar ka zare ta. Safaya mai iska, jak, katakon da za a ɗora jak a kai, da shebur, kada a bar su a gida.

Tambaya: Mun je a watan Agusta, gadu da gwaggon biri kawai muka gani. Anya akwai giwaye kuwa? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Akwai su, Hajiya, lokaci ne bai yi muku daidai ba. Ana ƙiyasta giwayen Yankari tsakanin 100 da 150, suna cikin manyan garken da suka rage a Najeriya. Da damina ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa kogi, ga ciyawa ta fi mota tsawo. Giwa na iya tsayawa taku ashirin daga gare ki ba ki gan ta ba. In rani ya kama, tafkuna sun ƙafe, kowa sai ya gangaro kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, har giwayen. Daga ƙarshen Disamba ana fara gani, amma Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, in kina iya jure zafi.

Lokacin fita ma yana da muhimmanci. A fita da sanyin safiya, ko bayan la'asar. Da tsakar rana duk suna inuwa. Sannan gudu: kilomita 20 a sa'a ya isa. Masu sauri sukan ci dogon zango su dawo hannu rabbana, wanda kuwa ya sami bakin ruwa ya kashe inji ya yi shiru na minti ashirin, shi ke dawowa da labari. A riƙa duban ƙasa ma. Kashin giwa mai danshi da rassan da aka karya suna zubar da ruwa, alamar ba su yi nisa ba. Zaki kam akwai 'yan kaɗan, amma kada a sa rai. Mutum na iya zuwa sau biyar bai yi ido biyu da shi ba.

Tambaya: In giwa ta tare hanya, me ake yi? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: A tsaya nesa, aƙalla mita 50, a inda za a iya ja da baya. Ba hon, ba ihu, ba fitar da jiki ta taga, ba sauka ɗaukar hoto. Dabbobi sun saba da siffar mota; mutum a tsaye da ƙafa biyu kuwa maharbi ne a wurinsu. In ta baza kunnuwa, tana kaɗa kai tana watsa ƙura, gargaɗi ne, sai a yi ribas a hankali. Wadda ta lafe kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, da gaske take yi. Biyu ne ba a wasa da su ko kaɗan: uwa mai ɗa, kada mota ta shiga tsakaninsu, da toron giwa da ruwa ke zuba a gefen fuskarsa yana ɗigar da fitsari, wannan yana cikin lokacin faɗa. Maganar jagora ita ce ta ƙarshe, ko da motar taka ce.

Tambaya: Da yara za mu je. Me za mu kiyaye a sansani? Daga wata mai karatu a Azare.

Amsa: Gwaggon biri. Sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannun yaro, suna kutsa kai mota ko ɗaki in an bar su a buɗe. Kada a ba su abinci, kada yaro ya yi yawo da shi a hannu. A cikin daji kuma ƙudan tsando na bin baƙi da shuɗin tufafi, don haka a sa wa yara masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu. Kowane mutum a tanadar masa lita uku na ruwan sha. Wankan maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta ke wajen digiri 31 rani da damina, yara na sonsa ƙwarai, amma wajen da ruwan ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse ya fi zurfi. A tsayar da su can ƙasa inda bai wuce ƙugu ba, babba na kusa.