Kun Tambaya: Ƙananan manoman inabin Shampan, da me suke tsaye?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Reims ta Faransa, in na fita ƙauyuka sai in ga gida ɗaya da ɗan fili amma har da sunan gidansu a jikin kwalbar shampen (giyar inabi mai kumfa ta wannan yanki na Shampan), alhali ga manyan kamfanoni irinsu Moët & Chandon a Epernay. Ni ba sha nake ba wlh, noman ne ya ɗaure min kai, ya akai manya basu haɗiye su ba?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Hukuncin giya dai kowa ya sani, mu tsaya kan noman da ka tambaya.

Ƙasar ce a hannunsu. Duk yankin da doka ta yarda a kira abinsa shampen hekta wajen 34,000 ne kawai, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na manoma ne, su wajen 16,000. Kamfani yana da suna yana da kasuwar waje amma inabin sai ya saya, kuma ba dama ya tsallaka wani yanki ya kwaso mai araha. An taɓa yin hakan ai, a 1911 manoma suka fusata suka afka wa ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa a garin Aÿ, daga baya dokar 1927 ta shata iyakar gonakin.

To yawancin manoman sayar da inabin suke su karɓi kuɗinsu, wasu su kai ƙungiyar gama kai. Waɗanda ka gani sune masu ƙarfin halin matsewa da kansu, in ka duba takardar kwalbar zaka ga ƙananan haruffa RM, na kamfani kuwa NM. Kuma fa aikin ba wasa bane, da hannu ake tsinkar inabin dole, doka ta hana inji, daga inabi kilo 4,000 lita 2,550 kawai aka yarda a matso, sannan a zuba a kwalba da sukari da yis ya sake tsima a ciki wanda shine yake kawo kumfar, a kwantar a ramukan da aka haƙa cikin dutsen alli aƙalla wata 15 kafin a sayar ko ɗaya, wanda aka yi da inabin shekara guda tak kuwa sai ya yi shekara 3 a kwance. Kaga kuɗin mutum na kwance a ƙasa, ƙanƙara ko sanyin Afrilu kuma na iya cinye amfanin bana a dare ɗaya.

Ni a ganina abin da yafi basu tsoro yanzu gado ne. Hekta ɗaya ta haura yuro miliyan 1, uba ya mutu 'ya'ya uku su raba ga harajin gado, wanda yake son noman sai ya ci bashi kafin ya biya 'yan'uwansa rabonsu. In Satumba ta zo ka leƙa ƙauyukan nan da safe, zaka tarar da kaka da jikoki duk a cikin kunya ɗaya riƙe da almakashi.