Malaka: yadda ta kasaita da yadda Turawan Fotugal suka ci ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa daular Musulunci ta Malaka, a ƙasar Malesiya ta yau, ba ta da na biyu wajen ciniki a gabashin duniya a zamaninta. To in haka ne, yaya aka yi Turawan Fotugal, waɗanda ko dubu biyu ba su kai ba, suka ci ta da yaƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sai ka fara sanin inda arzikin Malaka yake tukuna, sannan faɗuwarta za ta daina ba ka mamaki.

Wajen shekarar 1400 wani ɗan sarki mai suna Parameswara, wanda asalinsa Palembang ne a tsibirin Sumatra, ya gudo daga Singafo ya sauka a bakin wani ƙaramin kogi, ya kafa gari. Wurin ba ƙasar noma ba ce. Har daular ta ƙare, shinkafar da mutanenta ke ci daga Jawa da Siyam (Tailan ta yau) da Pegu (a ƙasar Myanmar ta yau) ake kawo ta. Abin da Allah ya ba garin shi ne mashigin ruwan da yake zaune a kai, wanda ya raba Malesiya da Sumatra, da kuma iska. Jiragen lokacin da iska suke tafiya, ita kuwa iskar yankin wasu watanni daga kudu maso yamma take busowa, wasu watannin ta juya ta taso daga arewa maso gabas. Ɗan kasuwar Gujarat ta Indiya da yadinsa, da na Sin da alharini da tangaran, da mai kanumfari daga tsibiran Maluku, kowa dole ya yada zango ya jira iskar da za ta mai da shi gida. A Malaka suke haɗuwa.

Amma ai akwai wasu tashoshin a mashigin. Abin da ya fifita Malaka biyu ne. Na farko kariya: Parameswara ya yi mubaya'a ga sarkin Sin, har ya je can da kansa a 1411, kuma rundunar jiragen Zheng He, babban kwamandan jiragen ruwan Sin, ta sha sauka a garin. Wannan ya sa masarautar Ayutthaya ta Siyam, wadda da ake biyanta gandu, ta yi taka-tsantsan.

Na biyun shi ya fi burge ni, wato tsarin kasuwa. Akwai shugabannin tasha huɗu da ake kira shahbandar, kowanne da baƙin da yake kula da su, kusan irin aikin sarkin zango. Mutanen Gujarat kaɗai suna da nasu, saboda yawansu da nauyin dukiyarsu. Shi zai tarbi jirgi, ya samo wa mai kaya rumbun ajiya, ya raba gardama. Kuɗin fito sananne ne, wajen kashi 6 cikin 100 ga jiragen da suka taso daga yamma, kuma akwai rubutacciyar doka ta gari da ta teku. Tomé Pires, Bafotugen da ya zauna a garin bayan cin sa, ya rubuta cewa ana jin harsuna 84 a tashar. Gidan sarauta ya musulunta tun kafin tsakiyar ƙarni na 15, kuma ta bin sawun fatake Musulunci da harshen Malay suka bazu cikin tsibirai. A hannun Tun Perak, wanda ya riƙe muƙamin bendahara, wato waziri, daga 1456 zuwa 1498, daular ta kori harin Siyam ta kuma mallaki Pahang da wasu sassan gabashin Sumatra.

To, yanzu ga faɗuwar. A 1509 jiragen Bafotuge Diogo Lopes de Sequeira suka iso, aka kai musu farmaki, aka tsare wasu daga cikin mutanensa. Afonso de Albuquerque, gwamnan Fotugal a Indiya, ya samu hujja, ya zo a 1511 da mayaƙa wajen 1,200. Ya tarar da fada a rikice, domin shekara guda kafin nan Sultan Mahmud Shah ya sa an kashe wazirinsa Tun Mutahir da iyalansa. Manyan attajiran garin kuma baƙi ne, dukiyarsu ce a gabansu ba gadon sarautar Mahmud ba. Wani attajiri Batamile (ƙabilar kudancin Indiya), Nina Chatu, ya yi wa Turawan aiki ta ƙarƙashin ƙasa, fataken Sin da ke jin haushin Sultan suka ba su aron jirage. Kogi ya raba garin gida biyu, gada ɗaya ce ta haɗa su, kuma a kanta aka gwabza. Harin 25 ga Yuli bai yi nasara ba, na Agusta ya yi. Kada ka ɗauka mutanen Malaka ba su da bindiga: suna da igwa da yawa, har da giwayen yaƙi. Haɗin kai ne ya yi ƙaranci.

Sai dai Turawan gari suka samu, cinikin kuwa ya sulale musu. Fatake Musulmi suka karkata zuwa wasu tashoshin yankin, wato Aceh da Banten da Brunei. Mahmud ya koma tsibirin Bintan yana kai hare-hare har aka rusa sansaninsa a 1526, ya rasu a Kampar a 1528. 'Ya'yansa biyu suka kafa sarautun Johor da Perak, kuma da taimakon Johor ɗin ne Turawan Holan suka ƙwace Malaka daga hannun Fotugal a 1641.