Me ya sa lissafin manhajata ya kife a kan 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a nan Kaduna. Na haɗa wa wani mai shagon yadi a Kasuwar Barci manhajar ciniki da Java, wani yaren rubuta manhaja, ina ajiye kuɗin a kwabo. Da jimilla ta haura naira miliyan 21 sai ta koma ƙasa da sifili. Abokina ya ce laifin lambar 2,147,483,647 ne. Mene ne sirrinta?

Amsa: Abokinka ya yi gaskiya, ɗalibi. Ka ajiye kuɗin ne a int, wato wani nau'in ma'ajin lamba a Java, shi kuwa int gurabe 32 gare shi, kowanne 0 ko 1. Gurbin farko shi ke nuna ko lambar sama take da sifili ko ƙasa, saura 31. Jera 2 sau 31 ka ninka su, za ka sami 2,147,483,648. Cire ɗaya, iyakar abin da int ke ɗauka ke nan. A kwabo, naira 21,474,836 da kwabo 47.

A wannan gaɓar duk guraben 31 sun cika da 1. Ƙarin kwabo ɗaya sai su koma 0 gaba ɗaya, ɗayan da aka ɗauko ya faɗa gurbin farko, kwamfuta ta karanta -2,147,483,648. Java ba ta yin gargaɗi, shiru take wucewa, shi ya sa ɓarnar ke daɗewa ba a gano ba.

Gyaran: mayar da int zuwa long mai gurabe 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807. Idan a MySQL, manhajar adana bayanai, kake adanawa, can ma mayar da INT zuwa BIGINT, in ba haka ba gyaran rabi ne. Lambar waya da BVN kuwa, ajiye su a matsayin rubutu. Sun fi ƙarfin int, sifilin farkon lambar waya ma ɓacewa yake yi.

Ita kanta lambar 2,147,483,647 abin sha'awa ce. Ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta, kuma masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da haka a 1772, da alƙalami kawai. Ya isa a gwada masu raba ta zuwa 46,340, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya wuce ta. Sannan duk lamba marar rabuwa da za ta raba ta dole ta zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya. Bi su: 63, 125, 187 da 249 duk suna rabuwa, a watsar da su, 311 ce ta farko da za a gwada.

Kada ka ɗauka duk irin wannan lissafi lamba marar rabuwa yake fitarwa. Jera 2 sau 11, ninka, cire ɗaya: 2,047, wato 23 sau 89.

Duba yadda manhajarka ke ajiye lokaci ma. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970 a gurabe 32 za su ci karo da wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya.