Yaya, ga amsar maganar mijin 'yata

Yaya, saƙonka ya iso. Na kuma ji abin da ake faɗa a majalisar ƙofar gida a Bolari, wai na ɗauki 'ya na ba sojan Amurka, ranar da ta Allah ta kasance a titi za ta kwana da marayu.

Yaron Musulmi ne, a masallacinmu na unguwar Bronx a birnin New York aka ɗaura auren, da waliyyi da shaidu, sadaki lakadan, har goro an raba. Ba Bahaushe ba ne, ban musa ba. To samarin namu nawa ne a nan? Masu aiko da hoto daga gida kuwa, ni da kai mun san takardar zama suke hange.

Maganar titi ba ta taso ba. Soja a nan yana da inshorar rai da ta kai dala 500,000 tun 2023, ɗan abin da ake yanka a albashinsa duk wata bai taka kara ya karya ba. In ya rasu a bakin aiki gwamnati na ƙara wa iyali dala 100,000, matar kuma tana iya zama a gidan bariki har shekara. Asibiti suna ƙarƙashin TRICARE, wato inshorar lafiyar sojoji da iyalansu, da ta haihu babu wanda ya kira ni neman gudummawa. Bashin da ya ci kafin ya sa kaki ma, doka ta hana kuɗin ruwansa ya wuce kashi 6 cikin ɗari.

Abin da ya hana mu barci daban ne, kuma ba ku tambaya ba. Kuɗin inshorar nan wanda sojan ya rubuta sunansa ake miƙa wa, babu ruwan hukuma da tumuni ko sudusi. Sai da limaminmu ya zaunar da shi suka cike takardar kashi-kashi, na uwa daban, na mata daban, na 'ya'ya daban. Wasu malamanmu inshorar ma gaba ɗaya ba su gamsu da ita ba, har yau ana kai ruwa rana a kai bayan sallar Juma'a.

Cewa jinina ya ɓace kuwa, wannan ta yi min zafi. Jikanka durƙusawa yake ya gaishe ni, Hausar tasa a karye, amma yana yi. Mu da muka tashi a Gombe, kakarmu ta wajen uwa Batera ce, Hausarta har ta rasu ba ta miƙe ba, ban taɓa jin 'yan majalisar sun tuhumi Baba a kanta ba.